Rajistar aikin gyaran fabrik na SAN da kulle ƙofofin suwici

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau ƙidaya kawai aka yi, ba a canza komai ba. SAN ɗin, wato hanyar sadarwar da ke haɗa sabobi da rumbun ajiya, fabrik biyu ne, wato ɓangare biyu masu zaman kansu, A da B, babu wayar da ta haɗa su, kuma haka za su ci gaba da zama. Kowanne suwici ɗaya gare shi, Brocade 6510 mai kafa 48 da gudun gigabit 16, a kan Fabric OS 8.2. Sabobi 36 ne ke rataye da su, da rumbun ajiya biyu, da na'urar tef mai direba biyu. Sababbin suwici samfurin G620 guda biyu suna nan cikin kwali. Aikin kashi biyu ne: a shigar da sababbin, a kuma toshe hanyoyin da ake shiga suwici ba tare da an san wa ya shiga ba.

Kafin komai an ɗauki kwafin saiti da bayanan kowane suwici da configupload da supportsave zuwa sabar SCP da ba ta zaune a kan SAN ɗin. Wannan sharaɗin na ƙarshe ba ado ba ne. Kwafin da ke cikin rumbun da ake ƙoƙarin cetowa ba ya da amfani ranar da ake nemansa.

Abin da aka tarar ba sabon abu ba ne ga wanda ya taɓa gadon SAN. Asusu ɗaya, admin, mutum bakwai ke amfani da shi, biyu daga cikinsu sun bar aiki. Telnet a buɗe yake a kafa ta 23, HTTP ma haka. SNMP na farko, hanyar da sabar sa-ido ke tambayar suwici, yana amsawa da kalmomin da suwici ya fito da su daga kamfani, su public da private da OrigEquipMfr. Agogon A ya riga na B da minti goma sha ɗaya. defzone --show ya nuna allaccess a duka biyun, ma'ana duk ranar da aka kashe tsarin shiyyoyi, wato jerin na'urorin da aka yarda su ga juna, da kuskure, kowace na'ura za ta ga kowace. Shiyyoyin kansu biyu ne manya a kowane fabrik, rumbu ɗaya shiyya ɗaya, an zuba dukkan sabobin a ciki.

Dokar aikin guda ce: duk abin da za a yi, a fara da A, a bar shi ya kwana bakwai, sannan a taɓa B. Ba za a buɗe tagar SSH ta A da ta B a allo ɗaya ba.

Alhamis, 9 ga Janairu

Kwana uku aka yi ana daidaita takarda da gaskiya. An ɗauki switchshow don ganin abin da ke kowace kafa, nsshow don ganin wanda ya yi rajista da ma'ajin sunaye, fdmishow don sunan saba da samfurin katin HBA, wanda ke haɗa saba da SAN, sannan aka bi kowane WWPN, wato lambar sunan kafa, da nodefind. Farkon lambar na taimakawa: 10:00:00:90:fa katin Emulex ne, 21:00:00:24:ff na QLogic, kafofin rumbunanmu kuwa da 50 suke farawa. Laƙabi 19 cikin alishow ba su da mai su, na sabobin da aka kwashe tuntuni ne.

Babban abin da aka gano shi ne sabobi biyu da wayoyinsu duka biyun ke fabrik A. A multipath -ll suna nuna hanyoyi huɗu lafiya lau, shi ya sa ba wanda ya lura, amma hanyoyin huɗu ta suwici ɗaya suke bi. Da an sake kunna A a haka, da sun yanke gaba ɗaya. An mayar da waya ɗaya ta kowacce zuwa B, aka saka ta a shiyya, aka tabbatar. Daga yanzu ba a ƙirga yawan hanyoyi kawai, sai an duba WWPN na kafar rumbun da kowace hanya ta nufa. A sabobin VMware ESXi, esxcli storage core path list ne ke nuna wannan.

Talata, 14 ga Janairu

Agogo da rajista. tsclockserver ya koma kan sabobin NTP biyu na cikin gida, an saita tstimezone. An fara da wannan ne don LDAP, hanyar tantance asusu daga wata saba, da satifiket duk ba sa jure agogon da ya kauce, kuma rajistar da lokacinta bai dace da na rumbu ba wahalar karatu kawai take ƙarawa. syslogadmin --set -ip ya tura saƙonni zuwa sabar rajista. An kunna auditcfg a kan ajin shiyya, tsaro, saiti, manhaja da fabrik. Gwaji: an ƙirƙiri laƙabin banza, an share, an ga layi biyun sun iso sabar rajista da sunan mai asusu da adireshin da ya shigo ta. Sunan dai admin ne, wanda shi ne matsalar ranar Asabar.

Asabar, 18 ga Janairu, fabrik A

An soma ƙarfe goma na dare, da mutum ɗaya zaune gaban rak da kwamfutar tafi-da-gidanka, wayar siriyal a maƙale, gudu 9600, 8N1, ya riga ya shiga. Duk kullen da aka yi yau iri ne da ke iya rufe mai gida a waje.

Da farko asusu. An shigar da satifiket ɗin hukumar sa hannu ta cikin gida da seccertmgmt, aka saita dnsconfig, aka ƙara sabobin Active Directory biyu da aaaconfig --add tare da -conf ldap. Rukuni uku aka buɗe a can, ldapcfg --maprole ya ɗaura kowanne da matsayinsa: masu kula da SAN su uku a admin, masu haɗa sababbin sabobi a zoneadmin, masu gadin dare a user, wanda kallo kawai yake yi. An yi gardama kan ba masu gadin dare operator don su iya kashe kafa su kunna. An ƙi. Kafar da ke faɗuwa tana tashi, in aka yi ta kunna ta ba a san dalili ba, RSCN, wato sanarwar canji a fabrik, take watsa wa maƙwabta kowane zagaye.

Wurin da ke buƙatar natsuwa shi ne aaaconfig --authspec. In aka rubuta "ldap;local" kawai, duk wanda LDAP ya ƙi, suwici zai sake gwada shi da asusun cikin gida, wato tsohuwar kalmar sirrin admin tana nan tana aiki kamar da. In aka ƙara -backup, asusun cikin gida ba ya amsawa sai LDAP ɗin ya ɓace ɗungurungum. Na biyun aka zaɓa. Barin "ldap" shi kaɗai kuwa ganganci ne a nan, domin sabobin Active Directory ɗin injuna ne na ESXi da faya-fayansu ke cikin wannan SAN ɗin. Ranar da SAN ya durƙusa, su ma sun durƙusa, mai gyara kuma yana tsaye a ƙofa ba makulli. Wannan umarnin yana korar duk wanda ke ciki idan ba a sa -nologout ba.

An gwada ta hanya biyu. Da LDAP a raye, admin na cikin gida ya ƙi shiga ta SSH. Da aka toshe LDAP a katangar tsaro, ya shiga bayan ɗan jira. An canza kalmar sirrinsa, an rubuta a takarda, an rufe a ambulan cikin sef. passwdcfg: tsawo aƙalla 14, kulle bayan kuskure 5, na minti 30. Ba a kunna kulle asusun admin ba, don kada wani mai neman ɓarna ya riƙa kulle shi da gangan. An tabbatar root a kashe yake a userconfig --show.

Sai ipfilter, tacewar da ke tsare ƙofar gudanarwa. Ba a gyara default_ipv4 kai tsaye, sai an kwafe shi da --clone, a gyara kwafin, a yi --save, sannan --activate. Dokar da ta fara dacewa ita ke aiki, abin da bai dace da ko ɗaya ba kuma an ƙi shi. An bar 22 ta SSH da 443 ta HTTPS daga 10.20.5.0/24 kawai, 161 ta SNMP daga sabar sa-ido, an rufe 23 ta Telnet da 80 ta HTTP.

Nan aka yi tuntuɓe. Bayan kunnawa, sabuwar tagar SSH ta ƙi buɗewa. Ashe sabar da ake tsallakawa ta cikinta tana bi ta NAT, adireshin da suwici ke gani ba na 10.20.5 ba ne. Ta siriyal aka mayar da default_ipv4, aka duba rajistar ranar Talata aka ga ainihin adireshin, aka gyara. Minti goma sha biyu. Sabobi ba su ji komai ba, don wannan tacewar kafar Ethernet ta gudanarwa kaɗai ta shafa, ba ruwanta da zirga-zirgar Fibre Channel. Kafin a tashi an yi wa default_ipv6 irin wannan aikin, domin dokarsa daban take, kuma Telnet na nan a buɗe ta wannan ɓangaren ko da ba a amfani da shi.

Laraba, 22 ga Janairu

An saita mai amfani ɗaya na SNMPv3 da SHA da AES128, karatu kawai, aka kashe na farko da snmpconfig --disable snmpv1. Allon sa-ido ya ɗauke nan take kamar yadda aka zata, aka sabunta shi. Abin da ba a zata ba shi ne wani tsohon rubutun Perl da ke zana jadawalin zafin suwici yana amfani da public tun shekaru, ba ya cikin kowace takarda. Mai shi ne ya kira da safe. An mayar da shi kan na uku.

HTTPS: an fitar da buƙatar satifiket daga suwici ɗin kansa da seccertmgmt generate -csr https, hukumar cikin gida ta sa hannu, an shigo da shi. A tabbatar sunan da ke satifiket shi ne wanda ke DNS, in ba haka ba mutane za su koma danna "ci gaba duk da haka", an koma gidan jiya. An sa ranar ƙarewarsa a kalandar ƙungiya da tunatarwa wata guda kafin.

Asabar, 25 ga Janairu, fabrik B

Aikin 18 da 22 ga wata, a kan B, ko da na 22 bai cika kwana bakwai ba, daga rubutaccen jerin umarni. Minti 50, ba tangarɗa.

Asabar, 1 ga Fabrairu, shigar da G620 cikin A

An shirya sabon suwici a kan teburi tun farkon mako: adireshi, suna, asusu, ipfilter, SNMP, duk kamar na tsohon. 6510 ba ya ɗaukar Fabric OS 9, a 8.2 ya tsaya, don haka an duba takardar fitowar manhajar G620 an tabbatar za su zauna fabrik ɗaya kafin a ɗora.

Lambar yanki, wato domain ID, daga 1 zuwa 239 take, kuma kowane suwici da 1 yake fitowa. Tsoffin biyun suna kan 1 ɗin. An bar su. Lambar ita ce baiti na farko cikin adireshin FCID mai bit 24 na kowace na'ura, canza ta sai an yi switchdisable, kuma duk wanda ke maƙale zai sake shiga da sabon adireshi. Sababbin aka ba 21 a A, 22 a B, mara a A, cika a B, don kallo ɗaya ya nuna wa mutum inda yake. An kunna nacewa kan lamba a configure, yadda suwici zai gwammace ya ware kansa da ya karɓi wata. An kuma kafa 6510 a matsayin shugaban fabrik da fabricprincipal har zuwa ƙarshen ƙaura, maimakon a bar zaɓen ga wanda WWN ɗinsa ya fi ƙanƙanta.

Waya biyu aka ja tsakaninsu, OM4, tsawo ɗaya. Gudun zai tsaya a 16 saboda tsohon. Don su haɗe su zama ganga ɗaya, wato trunk, sai kafofin biyu sun fito daga rukunin takwas ɗaya a kowane ɓangare, gudu ɗaya, da lasisin Trunking a duka biyun.

Da aka kunna kafar farko, switchshow ya ce segmented, zone conflict. Dalili: lokacin gwaji a teburi an ƙirƙiri wani tsari mai suna cfg_test an kunna, aka manta. Suwici biyu masu tsarin shiyya daban-daban a kunne ba sa haɗuwa, kuma alheri ne da ba sa haɗuwa. An rufe kafar, aka koma kan sabon. Kafin a buga komai mutum biyu suka karanta sunan da ke gaban alamar umarni da babbar murya, domin cfgdisable da cfgclear da cfgsave a kan tsohon suwici na nufin shafe shiyyoyin da sabobi 36 ke rayuwa a kai. Aka share, aka bar defzone ɗin sabon a allaccess, aka buɗe kafa. Ya kwashi shiyyoyin tsohon cikin daƙiƙoƙi. fabricshow ya nuna 1 da 21, islshow da trunkshow sun nuna ganga ɗaya ta gigabit 32.

Ba a matsar da ko saba ɗaya ba yau. statsclear, a bar shi ya kwana.

Laraba, 5 ga Fabrairu

An fara ƙaura da sabobi shida marasa nauyi. Tunda shiyyoyin da WWPN aka gina su, ba da lambar kafa ba, cire waya daga tsohon a soka a sabon ya wadatar.

Da safe porterrshow ya nuna kafa ta 9 a G620 tana tara crc err, ƙidayar firam ɗin bayanai da suka lalace, kuma crc g_eof na hawa tare da shi. Bambancin yana da muhimmanci. Firam ɗin da ya lalace, suwici na farko da ya gan shi yana yi masa alama a wutsiya ya wuce da shi, sauran kafofin da ya bi za su ƙirga crc err kawai. Inda crc g_eof ke hawa, nan ɓarnar ta faru. sfpshow 9 ya nuna hasken da ke shigowa -8.7 dBm, maƙwabtanta kuwa tsakanin -2 da -3.

An zare wayar aka duba kanta da madubin faiba. Zuciyar faibar maikuron 50 ce, ƙasa da kaurin gashin kai, ga ƙwayar ƙura zaune a gefenta da wani shafin maiƙon yatsa a kewaye. Wanda ya yi ƙaurar ya cire murfin, ya ajiye wayar a saman rak ya je ɗauko lamba, ƙofar ɗakin kuma a buɗe ana shigo da kwalaye cikin wannan hunturun. Danna biyu da alƙalamin goge LC na milimita 1.25, a waya da cikin SFP, na'urar hasken da ke cikin kafar, haske ya dawo -2.6, ƙidaya ta tsaya.

Garin dubawa aka ga wayoyi huɗu masu ruwan lemo a ƙarƙashin daɓe, OM2. A gigabit 8 sun yi shekaru ba ƙorafi. A 32 iyakarsu mita 20, OM3 mita 70, OM4 mita 100. Biyu daga ciki sun haura mita 30, an yi odar OM4. Direbobin tef LTO-4 ne masu gudun 4, SFP na 32 kuwa 8 da 16 da 32 kawai yake yi, don haka tef zai zauna kan 6510 har a sauya shi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

G620 na biyu ya shiga B. An duba cfgshow a teburi tukuna, wayam. Ya haɗu a karon farko.

Asabar, 15 ga Fabrairu, sake shiyyoyin A

Illar babbar shiyya ita ce katunan HBA suna ganin juna. Saba ɗaya ta sake kunnawa, sauran 35 su sami RSCN, kowacce ta koma tambayar ma'ajin sunaye, wasu tsofaffin direbobi har su gwada shiga junansu. Tsohuwar mafita ita ce kowane kati da shiyyarsa, wanda a nan zai kai shiyya 72 a kowane fabrik in aka ware rumbu biyun. An zaɓi shiyyar tsara da ta zo tun Fabric OS 7.4: zonecreate --peerzone, kafofin rumbu a -principal, katunan sabobi a -members. Membobi suna ganin kafofin rumbu, ba sa ganin juna. Shiyya tara ta ishe mu, rukunin sabobi da rumbun da yake amfani da shi, tef kuma da tasa ta daban a kan kafar HBA da ba ta ɗaukar faifai.

Tsarin suna: fabrik, rukuni, rumbu, kamar A_esx01_rumbu1. Laƙabi kuma sunan saba da lambar kafa. Ba a saka WWPN tsirara cikin shiyya.

An yi shi hawa biyu. Na farko, aka ƙara sababbin cikin tsarin da ke aiki da cfgadd, tsoffin suna nan, aka yi cfgenable. Ba wanda ya rasa komai tunda ƙari ne. Sai zone --validate, wanda ke sa tauraro gaban duk memban da ba ya cikin fabrik. Tauraro ɗaya ya fito: an buga 8b a matsayin b8 a laƙabin wata sabar Linux. Suwici ba ya ƙin WWPN in dai siffarsa daidai ce, ko da babu mai ita a duniya. Da an cire tsohuwar shiyya kafin wannan binciken, da sabar ta rasa rabin hanyoyinta shiru. Hawa na biyu, cfgremove na manyan biyun, cfgenable, sannan aka bi sabobi 36 ɗaya bayan ɗaya.

Abu biyu da aka rubuta a bango don masu zoneadmin. cfgsave ajiya kawai yake yi, ba ya kunna komai, don haka abin da aka ajiye da abin da ke aiki suna iya bambanta, kuma cfgenable ɗin wanda ya biyo baya zai kunna har da guntun aikin da wani ya bari. A kwatanta cfgshow da cfgactvshow kafin a fara. Na biyu, a duba cfgtransshow, in akwai wanda ya buɗe gyara bai rufe ba, a neme shi a waya kafin a yi cfgtransabort.

Daga ƙarshe defzone --noaccess da cfgsave, laƙabi 19 na matattu kuma an share.

Asabar, 22 ga Fabrairu

B ya sami sababbin shiyyoyinsa da farkon dare. Sauran daren na kulle kafofin A ne.

Duk kafar da ba kowa a kanta an rufe ta da portcfgpersistentdisable. portdisable na yau da kullum ba ya tsallake sake kunnawa. Duk kafar da ba ta tsakanin suwici ba an hana ta zama E_Port da portcfgeport, yadda ko an soka wani suwici a wurin saba, ba zai shiga fabrik ya kawo shiyyoyinsa ba.

SCC_POLICY jerin suwici ne da aka yarda su haɗu. An ƙirƙira da secpolicycreate da WWN na 1 da 21, aka karanta secpolicyshow sau biyu kafin secpolicyactivate, domin barin ɗaya a waje na nufin tsaga fabrik da hannunka. An sa fddcfg --fabwideset a kan "SCC:S" don dokar ta zama ɗaya a ko'ina. Wannan tsananin yana da farashi: duk suwici da za a ƙara nan gaba sai an fara rubuta shi a jerin, an kuma daidaita masa wannan saitin. An ƙara wannan a takardar shigar da sabon suwici.

DCC ya fi jawo magana. Shiyyar WWPN ba shaidar ko wane ne kai ba ce, domin ana iya sauya WWPN na kati da manhajar mai ƙera shi, NPIV ma yana ba kafa ɗaya sunaye da yawa. DCC yana ɗaure suna da kafa: wannan WWPN a wannan kafar kawai, wanda ya saɓa a rufe kafar. A takarda ya kamata a yi wa kowa. A aikace, katin HBA ya mutu ƙarfe biyu na dare, an sauya, sabon suna ya zo, kafa ta rufe, mai zoneadmin kuma ba ya da ikon taɓa dokar tsaro. An tsaya a kan kafofin rumbu biyun, tef, da sabobi huɗu masu rumbun bayanan kuɗi. Sauran sai ƙaura ta ƙare, wayoyi sun daina yawo. A lura da rubutun: baka mai lanƙwasa bayan lambar yanki kafofi kawai take nufi, baka mai kusurwa kuwa tana haɗawa da duk na'urar da ke maƙale a lokacin.

DH-CHAP, wato tantance juna da sirri, tsakanin suwici biyun. secauthsecret --set na tambayar sirri biyu, na abokin haɗi da na gida, haruffa 8 zuwa 40. Abin da aka sa a matsayin na gida a 1 shi ne na abokin haɗi a 21, haka kuma a juye. Nan aka fi yin kuskure, shi ya sa aka zana tebur a takarda tukuna. An sa authutil a kan dhchap da sha256, dokar suwici a active, aka tilasta sabon tantancewa da authutil --authinit, ya wuce, sannan aka mayar da ita on. secauthsecret --show ba ya nuna sirrin, sunayen abokan haɗi kawai, don haka takardar ta bi ambulan ɗin admin cikin sef.

FCS, wanda ke taƙaita gyaran fabrik ga suwici ɗaya, an ɗage shi. Da suwici biyu kacal, ɗaya kuma na shirin fita, ribar ba ta kai haɗarin ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Sabobi 22 sun koma G620 a fabrik biyun, saura 14.

Tun Litinin masu ESXi ke kukan jinkiri tsakanin ɗaya da uku na dare. Ba kuskuren CRC ko ɗaya. MAPS, mai sa-ido na cikin suwici da ke kan dflt_conservative_policy, ya nuna IO_PERF_IMPACT a kafar sabar kwafin ajiya, wadda katinta na gigabit 8 ne, a kan 6510. A Fibre Channel ba a aika firam sai mai karɓa ya ba da kiredit, ya kuma mayar da shi da R_RDY bayan ya sauke. portstatsshow na kafar ya nuna tim_txcrd_z na tsalle. Wannan ƙidayar tana ƙaruwa da ɗaya duk maikurodaƙiƙa 2.5 da kafa ta yi ba kiredit, wato 400,000 daƙiƙa guda ce cur ta tsayuwa. Rumbu na 1 ya koma gudun 32 a makon jiya, yana zuba wa mai 8 abin da ya fi ƙarfinsa, firam suna taruwa, layin ya tsallaka gangar da ke tsakanin suwici, sabobin da ba ruwansu suka shiga sahu. Akwai c3timeout tx kaɗan, alamar wasu firam sun wuce milidaƙiƙa 220 na jira an zubar da su.

An rage zurfin layin umarni na katin daga 32 zuwa 8 a daren jiya. Kwafin ya ƙara kusan minti 40, kukan ESXi ya tsaya. Wannan tallafi ne kawai, an yi odar kati mai 32, kuma sabar za ta koma suwici ɗaya da rumbun don kayanta su daina bin ganga. Ba a kunna killacewar SDDQ, mai ware na'ura mai jinkiri, ba tukuna, sai an ga ƙidayar mako guda.

Kulle kafofi, SCC, DCC da DH-CHAP na B suna ranar Juma'a da dare maimakon Asabar, kwana shida ke nan ba bakwai ba, an amince da haka don a gama kafin dakatar da canje-canje na watan azumi. Wayoyin OM4 biyu ba su iso ba, sabobinsu za su zauna kan 6510. An ɗauki sabon configupload na suwici huɗun yau ƙarfe huɗu na yamma.